Farautar kayan Honda 175, kafin masu narka tukwane su riga ka

A tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina har yanzu akwai zaurukan da za ka shiga ka tarar da babur jingine a lungu, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe lambarsa. In ka ɗaga tabarmar, sau da yawa Honda 175 ce, ko Rodmasta, ko Vespa. Mai abin ya tsufa ko ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya sun kasa rabuwa da shi, sun kuma kasa tayar da shi. Ana nan sai ɗaya daga cikinsu ya samu ɗan sarari a aljihu, ya ce shi kam sai ya ga babur ɗin Baba a kan titi. Fenti da kujera ba za su ba shi wahala ba, masu yin su suna kowace unguwa. Inda gizo ke saƙa shi ne cikin inji. Ranar da bakanike ya kwance shi ya zube kayan a faranti, ranar ake gane cewa rabin abin da ake buƙata an daina ƙera shi tun kafin a haifi yaran garejin.

Da yawa daga cikin waɗannan babura sun shigo gidaje ne a shekarun 1970, musamman bayan gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji haɗe da ariyas a farkon 1975. Hedimasta da akawu da malamin gona da malamin asibiti, wanda hannunsa bai kai ga mota ba ya kai ga babur, ko da kuɗin hannu ko da bashin da ake yanka a albashi. Leventis ke sayar da Honda, John Holt na riƙe da Yamaha, Boulos na da Suzuki, har a 1979 Honda ta kafa kamfaninta na haɗa babura a Ota ta jihar Ogun. A wancan zamani in fistin ya ci, kanti za ka je ka faɗi sunan babur, a miƙo maka ɗan Japan cikin kwalinsa.

Daga 1986 labari ya sauya. Gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, nairar da take kafaɗa da kafaɗa da dala ta faɗi, cikin 'yan watanni dala ɗaya ta koma naira uku zuwa huɗu, kayan Japan suka fi ƙarfin mai albashi. 'Yan kasuwar Nnewi, waɗanda su ne jijiyar cinikin kayan babur a Najeriya, suka juya akala zuwa Taiwan, daga baya Sin. Sai kuma baburan Sin sukutum suka cika gari, Jincheng a kan gaba, Boxer ta Indiya ta biyo baya. Da gyaran tsohon inji mai silinda biyu ya zo ya daina zama dabara ga mai ƙaramin ƙarfi, sai aka jingine shi aka hau sabo. Ɗan kasuwa kuwa ba ya saro abin da ba a tambaya.

Sabon shiga yakan ce, ai baburan Sin ɗin ma kwaikwayon Honda ne, me zai hana kayansu su shiga? Da gaskiyarsa, sai dai injuna biyu aka fi kwaikwaya, na CG125 da na dangin Cub, wato C50 da C70 da C90, duk masu silinda ɗaya. Shi ya sa mai tsohuwar C70 ba ya shan wahala can. CD175 kuwa, wadda Honda ta ƙera daga 1967 zuwa 1979, wata halitta ce daban: silinda biyu, kowace faɗinta milimita 52, fistin biyu da ke hawa da sauka tare, kafireta ɗaya na ciyar da su, giya huɗu, wuta bolt 6. Ita kanta ba iri ɗaya ba ce. Ta farko silindarta a karkace take zuwa gaba, ta baya a tsaye, kuma kaya da dama ba sa shiga tsakaninsu. CD185 da CD200 da suka gaje ta, waɗanda aka fi sani da Rodmasta, suna kama da ita daga nesa, amma injinsu sabon zubi ne. Mai Rodmasta ya ɗan fi sa'a, domin zuriyar injinsa ta ci gaba har zuwa Honda Rebel 250, ita kuma Sinawa sun kwaikwaye ta. Mai 175 ba shi da wannan gata.

Lamba kafin kasuwa

Wanda ya san aikin ba ya farawa da kasuwa. Da tsumma da kananzir yake farawa, ya goge jikin inji har lambar da aka buga a ƙarfe ta fito. Babur ɗin da ya yi shekara hamsin yana yawo a hannun kanikawa, ba abin mamaki ba ne a tarar injin da ke jikinsa ba nasa ba ne, ko tof na wata shekara, bulok na wata. Lambar ce kaɗai ke faɗin wane zubi kake da shi.

Honda tana da littafin kaya na kowane babur, da zanen inji a wargaje, kowane noti da wosha da lambarsa. Lambar kashi uku ce. Biyar na farko suna faɗin wane kaya ne, uku na tsakiya suna faɗin babur ɗin da aka fara ƙera kayan dominsa, na ƙarshe suna nuna gyaran da aka yi wa kayan, ko launinsa, ko kamfanin da ya yi shi. Misali, 13101 fistin ne mai awon asali, 13102 wanda aka ƙara wa faɗi da milimita 0.25, a haka har 13105 mai ƙarin milimita ɗaya cif. Sanin wannan ba don burga ba ne. In ka ga lambar tsakiya ta wani babur ce daban, ka san Honda aro ta yi, kuma za ka iya neman kayan da sunan wancan babur, wanda wataƙila ya fi naka yawa a gari. Abubuwa da dama da ake cewa babu su, suna nan a kasuwa da wani suna.

A Kano ƙafa takan kai mutum Fagge da Sabon Gari wajen masu sabbin kaya, ta ƙare a Ƙofar Ruwa wajen masu tsofaffi. A Kaduna Panteka ce matattara. Yaron shago amsa biyu gare shi. Ko ya ce babu tun ba ka rufe baki ba, ko ya ɗauko maka wani abu ya ce, "Zai shiga, Alhaji, duk ɗaya ne." Ta biyun ta fi haɗari. Abin yi shi ne ka nemi ubangidansa, wanda ya yi ciniki a zamanin da babur ɗin ke tashe. Shi zai tuna da kwalin da ke can ƙarƙashin kanta, kayan da suka yi kwantai shekara talatin ko arba'in, suna nan cikin ledarsu da takardar Honda a manne. In kuma ba shi da su, mai yiwuwa yana da ɗan'uwa a kasuwar Nkwo ta Nnewi da zai tura wa hoto a waya. Irin wannan nema ba a yinsa a tsaye. Sai an zauna, an gaisa, an tambayi kasuwa, an dawo jibi. Kuma ba a zuwa hannu rabbana: tsohon kayan a leda, abin awo a aljihu.

Fistin shi ne ya fi jefa mutane cikin asara. Na ƙananan baburan Sin masu inji 110 faɗinsa milimita 52.4 ne, ya kusa da na 175 ƙwarai, ga araha, ga shi a kowane shago. Amma faɗi ɗaya ne kawai daga cikin awon da ake dubawa. Akwai kaurin fin ɗin da ke haɗa fistin da konrod, akwai tazarar da ke tsakanin ramin fin da saman fistin, akwai siffar saman kanta, da 'yan ramukan da aka yi domin bawul ya samu wurin sauka. Fistin ya gaza tsawo kaɗan, inji zai tashi amma ba ƙarfi. Ya zarce kaɗan, ya daki bawul ya lanƙwasa shi, an ƙara wa mai nema wani abin nema. Ringi ma haka: ba faɗinsa kaɗai ba, kaurinsa sai ya dace da ramin da zai zauna. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai a wannan kasuwa da yawa ba su san rariya suka saya ba.

Akwai kuma kayan da bai kamata mutum ya wahalar da kansa wajen neman mai tambarin Honda ba. Yawancin boris lambarsu ta duniya ce, irin su 6203 da 6204, ana samun na NTN ko NSK ko Koyo a wajen masu sayar da boris na injuna, matuƙar an kauce wa jabu, wanda shi ma ya cika gari cikin kwali mai kyau. Oyil sil da awo uku ake sayensa: faɗin ciki, faɗin waje da kauri. Gasket na gefen inji kowane tsohon bakanike zai yanka maka a takardar gasket. A nan ma sabo ya fi na kwantai. Ƙarfen da ya kwana shekara arba'in a leda ba abin da ya same shi, amma roba tana tsufa ko ba a taɓa ta ba. 'Yan tayoyin robar da ke riƙe sarƙar taimin, in sun bushe, guntu-guntu suke zubewa cikin baƙin mai su toshe hanyarsa. Mai murnar ya samu gangariya 'yar 1975 ya fara danna ta da farce kafin ya biya.

Abin da kuɗi ba ya saye a shago

Ciwon injin 175 na gaske a samansa yake. Kamshaf yana can ƙololuwa, wuri mafi nisa daga famfon mai, kuma bakunansa a kan alminiyum tsura suke juyawa, ba boris. Muddin mai na zuwa da tsabta, zai yi shekaru bai ce uffan ba. Matatar man kuwa wani ɗan kofi ne da ke juyawa a bakin karanshaf, yana tara datti a jikinsa, sai an buɗe an kankare. Mutane ƙalilan ne suka riƙa yin haka. Aka haɗa da ƙurar hunturu, da al'adar cire matatar iska wai don babur ya ƙara gudu, da ƙara mai a kan tsoho maimakon juyewa. Sakamakon shi ne abin da ake gani yau in an buɗe: kamshaf ya zaizaye, roka ta yi rami, mazaunin alminiyum ya kwarzane.

Honda da kanta ta san wannan. A 1974 ta tura injiniyoyinta suka zagaya Thailand da Malesiya da Indonesiya da Filifins da Iran da Pakistan, suka ga yadda ake lodin iyali da kaya a kan babur, ana tafiya da mai har ya yi kauri ba a juye ba. Abin da suka dawo da shi ne ya haifi CG125 a 1975, wadda aka sauko da kam ɗinta ƙasa kusa da mai, ana tura bawul da 'yan sanduna. Injin da aka ƙera domin ya jure sakaci shi ya cika duniya, wanda ke son kulawa kuma ya koma zaure.

Kamshaf, roka, tof, haƙoran giya, gangar kafireta, akwatin inji: waɗannan da wuya ka same su sababbi a kanta. Hanya mafi kusa ita ce wani babur irinsa da ya mutu, a sayi gawarsa a ciri abin da ya rage da rai. A nan ne mai nema ke tsere da wasu mutane da ba su ma san ana tsere da su ba.

Ɗan jari-bola da ke zagaya unguwa da kura ba ruwansa da shekarar da aka ƙera babur. Nauyi yake saye. Da ya kai wa 'yan gwangwan, a ranar ko washegari ake sa guduma a fasa injin, domin kowane ƙarfe da farashinsa a sikeli: tagullar da ke cikin kwayil gefe guda, baƙin ƙarfe gefe guda, alminiyum gefe guda. Baƙin ƙarfen a loda shi a tirela zuwa kamfanonin narka na Legas da Ogun, ya dawo rodin gini. Alminiyum kuwa ba ya nisa. Yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 660 da 'yan kai ba, abin da gawayi da zuga-zugi ke iya kaiwa, don haka masu zubin tukwane a Panteka, da takwarorinsu na kasuwar Katako a Yamai, suna sayensa su zuba a ƙasar zubi. Tof ɗin da wani ya yi wata shida yana nema, mai yiwuwa ya daɗe da zama tukunyar da ake dafa shinkafar biki. Ba laifin kowa ba ne, kowa abincinsa yake nema. Amma kayan kwantai in ba a saya yau ba yana nan gobe, gawar babur kuwa in ta kai sikeli shi ke nan.

Don haka masu wannan harka da suka ƙware, abokansu na kusa 'yan gwangwan ne. Sukan bar musu hoton injin da lambar waya, da alkawarin za su biya fiye da kuɗin kilo in aka kira su kafin a ɗaga guduma, kuma su cika alkawarin ko da abin da aka samu bai yi musu amfani ba, don a sake kiransu. A ganina ƙananan garuruwa sun fi manyan birane albarka yanzu. Birni an daɗe da share shi. A garin da malamin gona ya yi ritaya da babur ɗinsa, ko bayan shagon bakaniken da aka bar wa gyara mai shi bai dawo ba, nan ake dacewa.

In an samu gawa, kada kyan tanki ya ɗauke hankali. A taka kik a ji ko inji na juyawa, a buɗe murfin tafet a leƙa kam da tocila, a kwance notin mai a ga abin da zai fito, mai ne ko ruwa da tsatsa. Babur ɗin da ya yi hatsari yana da ƙuruciya aka ajiye shi ya fi wanda aka hau har ya gaji, ko da firam ɗinsa ya karye. Sai kuma abin da ake yawan mantawa cikin zumuɗi: a karɓi rasit, da shaida, a rubuta lambar injin a jiki. Kasuwar tsofaffin ƙarafa ba ta rasa kayan da aka ɗauko ba da sanin mai su ba.

Wanda ya gaji da yawo yakan juya ƙasashen waje. A Ingila akwai David Silver Spares a garin Leiston, wanda tun shekarun 1980 sana'arsa ita ce sayen kayan Honda da suka yi kwantai a hannun dillalai, har yana da gidan adana tsofaffin baburan Honda a can. A Holan akwai CMS a Lelystad, wanda ya ɗora zane-zanen littattafan kaya a intanet. Ko ba ka sayi komai ba, zanen kaɗai zai nuna maka woshar da wani bakanike ya yar tun 1988 ba wanda ya lura. A Thailand ana ƙera sababbin kwaikwayo na kayan tsofaffin Honda, wasu nagari wasu sai a hankali, a Pakistan kuma har yanzu 175 da Rodmasta suna da masoya. Matsalar ita ce lissafi. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 dala ta haura naira dubu, ga kuɗin aiko, ga na kwastan, kuma ƙarfe nauyi gare shi. Mafi yawa sukan taƙaita odar ga ƙananan abubuwan da ba makawa, ringi da bawul da jet na kafireta, su jira wani ɗan'uwa mai dawowa ya saƙa su a jaka.

Hannun da zai haɗa

A ce an samu komai. Saura wanda zai yi aikin, shi ma nemansa ake yi. Silindar da ta ci sai an kai wa masu injin feƙe ƙarfe su yi mata borin, kuma ƙa'ida ita ce fistin ya riga zuwa hannu, a auna shi, sannan a buɗa silinda daidai da shi. Masu gaggawa kan yi borin tukuna su fita neman fistin, su tarar awon da suka buɗa shi ne babu. In an riga an cinye ƙarin milimita ɗaya, sai a cire silif a dasa sabo a koma awon asali. Karanshaf ya fi wannan wuya. Ba ƙarfe ɗaya ba ne, gunduwa-gunduwa aka matse shi, konrod na juyawa a kan 'yan rola. Raba shi sai da injin matsa, mayar da shi kuma sai an ɗora shi a kan ma'auni mai allura ana juyawa ana gyarawa har ya miƙe. Wanda ya ce zai yi maka da guduma da ido, karɓi kayanka ka yi masa sallama.

Kanikawan da suka tashi da wannan inji suna ta raguwa. Na yanzu sun koyi aiki ne a kan babura masu kaya a ko'ina, inda cirewa a sa sabo ya fi gyara sauƙi da riba. A Kano ma, tun da gwamnati ta hana acaɓa a Janairun 2013, da yawa suka koma kan Adaidaita Sahu. Ba raini ba ne a ce yaron da ya ƙware a Boxer bai taɓa ganin kwantak ba, bai san ana buɗa shi milimita 0.3 zuwa 0.4 ba, bai san alamar F da ake daidaita wuta da ita ba, kuma tafet ɗin da littafi ya ce milimita 0.05 shi da kunne yake ɗaure shi. Dattijon da ya sani kuwa ido ya yi rauni, hannu na rawa. Haɗin da na ga ya fi dacewa shi ne a ɗauko dattijon a ba shi kujera a inuwa, a biya shi kuɗin zamansa, yaro mai ƙarfi ya riƙe sifana. An gyara babur, an kuma samu mutum ɗaya da zai iya taɓa shi nan da shekara goma.

Mai Vespa nasa da sauƙi. Injinta ba bawul ba kam, mai ake haɗa mata cikin fetur, wajen mililita 20 a kowace lita. Kuma Indiya ta daɗe tana ƙera 'yan uwanta: Bajaj ta yi Chetak har tsakiyar shekarun 2000, LML ta garin Kanpur ta yi kwatankwacin PX, wadda Piaggio ta fito da ita a 1977. Saboda haka fistin da ringi da kuloci ba sa wuyar samu, sai dai a zaɓi mai kyau. Inda ita ke kayar da mutum shi ne wani ɗan fili a cikin akwatin inji, inda gefen karanshaf ke buɗewa da rufe hanyar shigar fetur. In ya kwarzane, babur ya dinga tofar da mai ta kafireta ke nan, ya ƙi tsayawa a silo. Nan ma dai sai walda mai kyau, ko wata gawar.

Akwai masu yanke wahala su cire tsohon injin 175 su dasa na Sin mai 150. Ban ga abin zargi ba ga wanda abin hawa yake so, zai kai shi kasuwa ya dawo da shi. Amma wanda ya ce babur ɗin Baba yake son tayarwa, ya sani cewa ƙarar nan mai taushi ta silinda biyu, wadda 'yan gida ke ganewa tun daga bakin layi, a cikin injin take, ba a tanki ba. Gyaran da ba ya taɓa zuciyar inji kuwa ba na jayayya da shi. Batir da ƙwan fitila na bolt 6 sun yi wuya, mai son ya mayar da wutar bolt 12 ko ya sauya tsohuwar raktifaya da ta zamani ya yi abinsa. Roƙo ɗaya ne ga mai dashe: tsohon injin da ya cire, ya zuba masa mai ya ajiye, ko ya nemi mai irin babur ɗin ya sayar masa. Kada ya miƙa wa mai kura.

Ranar tayarwa ita ce ranar da aka fi yin ɓarna, domin kowa ya ƙosa ya ji ƙara. Kafin a rufe inji a shafe kam da roka da mazauninsu da mai sosai. A cire fulogi a yi ta taka kik har famfo ya ja mai. In ya tashi, kada a murɗa, a bar shi a silo, a sassauta murfin tafet ɗaya a duba. In mai na fantsalowa, aiki ya yi. In an ɗan jima wurin a bushe, a kashe nan take a nemi inda ya toshe, domin 'yan mintoci kaɗan sun isa su cinye kamshaf ɗin da aka sha wuyar samu. Bayan 'yan kwanaki ana tafiya a hankali, a juye man da zafinsa, a buɗe kofin matatar a kankare, a sake duba tafet da notocin tof. Yaran gida kuma da za su zo aron makulli su gwada gudunsa a titin Zariya, a ce musu sai ringi ya zauna.